Ra'in Aro Ba Ya Gina Ilimi

Mai jarrabawa na waje da ya dawo da kundin digiri na biyu na wata ɗaliba a makon jiya, wai don ba ta ɗora shi kan ra'in karɓar fasaha na TAM ba, ba ta kuma raba takardun tambayoyi ba, ba shi kaɗai ke da laifi ba. Ya faɗi abin da ya zama aƙida a sassan nazarin tsarin sarrafa bayanai na jami'o'inmu: duk binciken da bai fito da alƙaluma daga manhajar SPSS ba, hira ce kawai.

To, wannan ra'i da ake rantsuwa da shi daga ina ya fito? Fred Davis ya wallafa shi a mujallar MIS Quarterly a 1989, bayan ya gwada shi a kan ma'aikatan kamfanin IBM a Kanada. Hujjarsa ita ce mutum zai karɓi fasaha idan ya ga tana da amfani kuma tana da sauƙin sarrafawa. Mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, zaɓi a hannunsa. Ku kawo wannan Kano a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Mai tumatir ya koma karɓar tiransifa ne don ya ga sauƙinta, ko don tilas? Matar da ke aika ɗanta wurin mai POS da katinta da lambar sirrinta, wa ya karɓi fasahar, ita ko yaron? Amanar da ke tsakaninta da mai POS, a wane layi na takardar tambayoyi za a saka ta? Kayan aro ba ya rufe katara.

Masu fagen da kansu sun daɗe da kokawa. A 1991 Wanda Orlikowski da Jack Baroudi suka duba maƙalu 155, suka tarar kusan kashi 97 cikin 100 hanya ɗaya suke bi, ta awo da ƙidaya. Geoff Walsham ya yi ta nuna cewa fahimtar ma'anar da mutane ke ba na'ura ita ma bincike ce. A 2006 Shirley Gregor ta kasa ra'i gida biyar, biyu ne kawai a ciki suka ginu kan hasashe da gwaji. A 2007 Izak Benbasat da Henri Barki suka soki yadda maimaita TAM ke sa a zaci ilimi na ƙaruwa alhali a tsaye yake. Mu kuwa har yau muna 1989.

Za a ce alƙaluma ne ke kare bincike daga son rai. Wannan ba ta ma cancanci amsa ba. Wa bai san yadda ake cike takardun tambayoyin nan a ɗakin kwanan ɗalibai ba?

Asalin cutar dai tsohuwa ce: kwamitocin ƙarin girma da ke ƙirga maƙalu ba sa karanta su. Su suka koya wa malami cewa ya sauya sunan gari, ya ƙara akwati ɗaya da kibiya a zanen Davis, ya samu takarda ta goma. Wanda ya hau kujerar farfesa ta wannan hanya ba zai yafe wa ɗalibar da ta zauna a kasuwa tana sauraron mutane ba, domin aikinta tona asirinsa ne.

Ya kamata majalisar jami'ar ta soke hukuncin da aka yi wa ɗalibar, ta nemo mai jarrabawar da ya karanta Walsham, a ba yarinyar nan digirinta.