Gardi Ba Ya Barin Allonsa

Wata safiya na tsaya a bakin tagar wata makarantar firamare cikin ƙauyukan Shanono, ina kallon wani saurayi yana fama da 'yan aji biyu. Yara sun cika ɗakin har bakin ƙofa. A takarda sunansa mataimakin malami, amma babu wani malamin da yake taimaka wa. Shi ne wuƙa, shi ne nama. Da aka tashi tara na tambaye shi wanda ya nuna masa yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, yadda aka yi mini nake yi musu." Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina shi ne, zalunci ne a damƙa wa mutum aji a hana shi hanyar ƙaro ilimi, kuma yaran talakawa ne suke biyan diyyar wannan zalunci. Tun 2016 shirin N-Power ya tura matasa makarantu a matsayin mataimakan malamai, kan alawus na naira 30,000 a wata. Kafin su da bayansu akwai malaman sa-kai, waɗanda iyayen yara ke haɗa wa ɗan abin sabulu. Su ake bar wa ƙananan azuzuwa, alhali nan ne tushe. Yaron da ya fita aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya kamo 'yan uwansa, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, me muke ba su? Bita. A tara mutane kwana uku a wani ɗakin taro a birnin Kano, a raba jaka da biro, a ɗauki hoto, a watse. Sau da yawa ma sunan mataimaki ba ya shiga jerin masu zuwa, don ba ya cikin ma'aikatan dindindin. Wanda ya fi kowa buƙatar ruwa shi ake hana wa guga. Ko da ya je, kwana uku ba sa mai da mutum malami, kamar yadda yayyafin kwana ɗaya ba ya nunar da gero.

Abin takaici, kakanninmu sun riga mu gane wannan. A tsangaya gardi yana biya wa ƙolo karatu, amma bai taɓa jingine nasa allon ba. Yana koyarwa, malam yana saurare yana gyara masa, da dare kuma ya koma kan tilawarsa, har wata rana ya zama alaramma. Koyarwa da neman ilimi tafiya ɗaya suke yi. Mu 'yan boko muka raba su.

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tun 1976 domin malami ya yi karatu daga nesa ba tare da ya bar ajinsa ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, kusa da mu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, kuma a ciki akwai kason horar da malamai. Me zai hana mataimaki daga Faruruwa, Kokiya ko Leni ya riƙa zuwa Shanono ranar Asabar da lokacin hutu, gwamnati ta biya masa kuɗin karatu, har ya sami shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga malami a Nijeriya? A kuma haɗa shi da gogaggen malami mai shiga ajinsa yana gyara masa.

Za a ce da zarar sun sami takarda sai su gudu birni. Wasu za su tafi, ban musa ba. Maganin wannan yarjejeniya ce: wanda aka ɗauki nauyinsa ya yi wa mazaɓarsa aiki na wasu shekaru. Ɗan gari mai gona da iyali a nan ya fi baƙo zama. Wasu kuma za su ce a yi musu jarrabawa a kori raggo. Kaduna ta yi haka a 2017, malamai 21,780 suka faɗi. Jarrabawa ma'auni ce. Auna buhu ba ya ƙara masa ƙwaya.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Jihar Kano. Gyaran rufi da sayen kujeru abin yabo ne. Amma ina roƙon Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha ta fara da ƙidayar waɗannan bayin Allah, ta rubuta sunan kowa, ta buɗe masa hanyar karatu. Saurayin nan yana can gaban allo gobe da safe, kuma abin da ya sani kaɗai zai iya bayarwa.