Abin da randa ta riga littafi sani

Idan bazara ta kankama kuma aka ɗauke wuta, firji kan koma akwatin ajiye kwanuka, amma randar da ke kusurwar tsakar gida ba ta fasa ba da ruwa mai sanyi. Na taɓa tambayar wasu ɗaliban sakandare dalilin haka. Kowannensu ya karanto mini ma'anar kuzarin motsi da ka, kamar yadda take a littafi, amma babu wanda ya iya haɗa ta da randar gidansu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan a wannan mako.

Ruwan da ke cikin moɗa, ko da ya kwanta lumui, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi ba sa hutawa. Kullum suna zamewa a jikin juna, suna karo. Abin da muke kira zafi ma'auni ne na matsakaicin kuzarin wannan motsi: idan ƙwayoyin suka ƙara sauri sai abu ya yi zafi, idan suka rage sai ya huce. A shekarar 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sikotland, Robert Brown, ya ga ɓarɓashin garin fure na rawa cikin ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai a 1905 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa ƙwayoyin ruwa ne ke bugun ɓarɓashin ta kowane ɓangare.

Yanzu mu koma ga randa. Jikinta na yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Ƙwayoyin da suka fi sauri su ne ke kuɓucewa su bi iska, su bar masu sanyin jiki a baya, sai ruwan ya huce. Kuma ba ƙaramin zafi suke tafiya da shi ba: mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi na cin zafi fiye da ninki biyar na wanda ake bukata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Shi ya sa randa ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe. Da damina iskar ta riga ta ƙoshi da laima.

Wannan fahimta ce Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yi aiki da ita. Ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, sai kayan lambu suka daɗe ba su ruɓe ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex.

A iska kuwa lamarin ya fi tsanani. Ƙwayoyin iskar da muke shaƙa na gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa, kuma bugun da suke yi wa bangon mazubi shi ne matsi. Idan aka bar jarkar fetur a rufe cikin rana, ƙwayoyi da yawa kan tashi su zama tururi, su ƙara sauri, jarkar ta kumbura. Da an buɗe ta kusa da murhu, tururin da ido ba ya gani ne zai kai wa wuta caffa. Wanda ya fahimci haka ba zai ajiye tukunyar gas a rana ko kusa da wuta ba.

Don haka kirana ga malaman kimiyya shi ne, ranar da za a koyar da wannan darasi, a shigo da randa aji, a sa ma'aunin zafi a cikinta, a sa wani a bokitin roba, a bar yara su kwatanta da kansu. Yaron da ya ga bambancin da idonsa ba zai manta ba bayan jarrabawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.