Kada Mu Yanke Irinmu Da Hannunmu

Akwai wata magana da ke yawo a majalisu, wai kiwon kajin Hausa ɓata lokaci ne, gara mutum ya kwashe na akurkinsa ya kai kasuwar Muda Lawal, ya sayo 'yan tsakin gidan gona. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Ba ma musun cewa kajin gidan gona suna da sauri. Na nama sati 6 zuwa 8 sun isa yanka, masu ƙwai kuma sukan haura 250 a shekara, alhali tamu da kyar take kai 60. To amma a tambayi mai wannan lissafi: in ya sayar da su, me ya rage a gidan? Ba komai sai buhun abinci da ya ƙare. Waɗannan kaji haɗin iri ne, da wuya su yi kwanci, kuma ko an sa wa wata kaza ƙwansu, 'ya'yan ba sa fitowa daidai da iyayen. Dole ka koma wurin dila, ka jira motar Ibadan, ka biya farashin da aka yanka maka. Mu 'yan kasuwa mun sani, wanda duk jarinsa ke hannun wani, yaron shago ne.

Kazar gida kuwa ita ce injin kanta. Ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta, ta kare su daga shirwa, abincinta dusa da tsaba da gara. Da ita zawarawa da tsofaffi ke biyan kuɗin Islamiyya da na magani. Wanda ya ce su rabu da ita, asusunsu ya fasa.

Masu cewa kajinmu sun ƙanƙance, gaskiya ne a gidaje da yawa, amma laifin wa? Sallah ta zo ko an yi baƙo, sai a kama zakaran da ya fi girma a yanka, a bar ƙanƙanin yana bin kaji. Shekara da shekaru zakara ɗaya yana hawa 'ya'yansa da jikokinsa. Ta ina iri zai yi kyau? Ko manomi ba ya cinye zangarniyar da ta fi cika ya shuka ƙaiƙayi.

Masana ma da zaɓe suke aiki. Shika Brown da ake yabo, a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, aka samar da ita, bayan shekaru ana ware na kirki ana haɗawa. Abin da suka yi da biro da sikeli, mu ma za mu iya daidai gwargwado da ido da haƙuri.

A bar zakara mafi faɗin ƙirji da lafiya, a yanka na baya. A riƙe kazar da ke yawan ƙwai kuma take fitar da 'ya'yanta da rai. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Duk shekara maƙwabta su yi musayar zakaru, ko a sayo babban zakaran Fulani ɗaya, a keɓe shi sati 2 kafin a haɗa shi da sauran. Kafin hunturu a haɗa kuɗi a kira ma'aikacin dabbobi ya yi rigakafin cutar Niyukasil mai share akurki. Ana yin maganin a Vom, nan jihar Filato.

Mai jari da rumfa ya yi kiwon gidan gona, sana'a ce halal. Amma a daina zuga matan unguwa su sayar da uwa don a ba su 'ya'yan haya. Muna roƙon masu gidaje, Sallar nan da ke tafe, kafin a ɗora wuƙa a duba wane zakara za a bari. Allah Ya sa albarka a abin da muke kiwo, amin.