Wake ɗaya, suna barkatai: kafin ka danna "share"

Duk wanda ke leƙa Facebook ko X ya ga rigimar waken GMO. A ɗauko hoton buhun wake, a rubuta "SAMPEA guba ne", shi ke nan sai yaɗawa. To wane SAMPEA ɗin?

Akwai wani iri da cibiyar IITA ta samar, mai gonar gwaji a Minjibir. Sunansa a littafin masu bincike IT97K-499-35. Da aka sake shi ga manoma a 2008 sai ya koma SAMPEA 10. Ba GMO ba ne, barbara ce ta gargajiya, kuma an so shi ne don yana jure wuta-wuta. Wanda aka saka wa ƙwayar gado daga waje don ya kashe tsutsar da ke huda kwanso shi ne SAMPEA 20-T na IAR Zariya, wanda aka amince da shi a 2019. Kowa na da ikon ya so shi ko ya ƙi shi, amma dai a kira yaro da sunansa.

Su kansu masanan sun sha wannan ciwon kai. Wannan wake namu na IT97K-499-35 shi aka zaɓa aka karance ƙwayoyin gadonsa kaf, aka wallafa a 2019: kiromosom 11, ƙwayoyin gado kusan 30,000, kowacce da lambarta. Kafin nan kowace tawaga da irin lissafinta, na ɗayan wannan shi ne na ukun wancan. Sai aka sake jera su bisa tsari guda. Matsalar ita ce, duk sanda aka sabunta taswirar, lambobi na iya motsawa. In babu rajistar da ke haɗa tsohuwar lamba da sabuwa, ɗalibin BUK zai ɓata shekara yana farautar ƙwayar jure wuta-wuta a inda ba ta. Abin dariya ma, Excel ya riƙa mayar da sunan ƙwayar SEPT1 kwanan wata, har dole aka canza mata suna zuwa SEPTIN1.

Masana dai suna da rajista. Manomin Bichi ko Ɗambatta fa? Gonar ba ta fi hekta ɗaya ba, ga gero ga wake a ciki, iri kuwa a mudu ya auno ranar kasuwa, ba takarda ba lamba. Mai sayarwa ya ce "mai jure wuta-wuta ne", ba zai gane gaskiya ba sai Satumba ta yi nisa, lokacin ba halin sake shuka.