Sharhi: Me ya haɗa famfon Mai Yara da ɗakin binciken jami'a?

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin ruwa na gari, a Mai Yara ne ko Kornaka ko Sabon Mashi, ya san yadda labarin yake tafiya. An kawo farantan hasken rana, an ɗora bisa ƙarfe, an haɗa da injin da ke cikin rijiyar burtsatse, shato ya cika, mata sun huta da jan guga. Shekarar farko lafiya lau. Ta biyu sai ruwa ya fara raguwa da bazara, daidai lokacin da mutum da dabba suka fi buƙatarsa. Ta uku akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone. Aka yi karo-karo, aka aika Maraɗi ko Kano, ana jira, kafin nan kuwa an koma tsohuwar rijiya da jaki da doguwar igiya.

In haka ta faru, laifi kan faɗa kan ma'aji ko mai gyara: wai an ci kuɗi, wai an sayo jabu. Wani lokacin gaskiya ne. Amma sau da yawa matsalar tana cikin kayan ne tun daga inda aka ƙera su, don an gwada su a yanayin da bai yi kama da na Dakoro ba. Mu a ganinmu, nan ne ya kamata jami'o'inmu su shigo. Akwai fannoni biyu na bincike da in aka ambace su sai a ɗauka zancen Turawa ne kawai: binciken ƙananan sassan semikondakta, da kuma ƙirar manhaja. To, duka biyun suna cikin famfon garinmu.

Mene ne semikondakta?

Waya ta jan ƙarfe tana barin lantarki ya wuce. Roba tana tare shi. Tsakaninsu akwai wasu ma'adinai da ake iya sarrafawa su buɗe hanya ko su rufe, yadda ake so. Su ake kira semikondakta, kuma wanda ya fi shahara shi ne silikon, da ake tacewa daga ma'adinin da ke cikin yashi. Farantin sola silikon ne. Ƙwaƙwalwar salula silikon ce. Akwatin nan da ya ƙone a gindin shato, shi ma cike yake da su.

Masu bincike a yau suna aiki ne da ma'aunin da ake kira nanomita. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. A wannan ƙanƙanta, halin abu yana sakewa: ma'adini ɗaya, in an rage girman ƙwayarsa, sai launin hasken da yake bayarwa ya canza. Gano wannan da iya ƙera irin waɗannan ƙwayoyi shi ya ba mutum uku kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023, cikinsu har da Moungi Bawendi, wanda mahaifinsa ɗan Tunisiya ne.

Kar mu je da nisa. Cocilar da ta kori fitilar kananzir da aci-balbal daga ɗakunanmu, ƙwanta na LED ne, kuma haskensa yana fitowa ne daga wasu shimfiɗu da kaurinsu bai wuce ƴan nanomita ba. Masana uku ƴan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun yi shekaru suna fama kafin su samu shuɗin LED wanda ake yin farin haske da shi, aka ba su Nobel a 2014. Kun ga ke nan, binciken da aka yi a jami'ar Nagoya shi ne yau yake haska wa ɗalibi allonsa a Mai Yara.

Zafi da ƙura

Ga inda gizo ke saƙar. Lambar da aka rubuta a bayan faranti, a ce wat 300, an auna ta ne lokacin da zafin farantin yake digiri 25. Silikon ba ya son zafi: duk ƙarin digiri ɗaya, ƙarfinsa yana raguwa da abin da ya kai kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu da Mayu, iskar Dakoro kan haura digiri 40, farantin da ke shan rana kuwa yana iya kai wa 65. Ku yi lissafi: ƙarin digiri 40 ya cinye wajen kashi 15 cikin ɗari. Farantin wat 300 ya koma kusan 250, tun ba a sa ƙurar hunturu da ke kwanciya bisa gilashin cikin lissafi ba. Batir ma haka: irin na dalma da muka fi saye, ƙarin zafin digiri goma kan raba tsawon ransa biyu. Shi ya sa wanda aka ce zai yi shekara huɗu yake mutuwa a biyu.

A duniya ana ta tseren inganta waɗannan kaya. Farantin silikon na farko da aka yi a Amurka a 1954 kashi 6 cikin ɗari kawai na hasken rana yake mayarwa lantarki. Masu kyau na kasuwa yau sun haura kashi 20. A ɗakunan bincike an ɗora wani siririn ma'adini mai suna ferobskait bisa silikon, an wuce kashi 33. Sai dai babbar matsalar ferobskait ita ce saurin lalacewa da zafi da laima. Wato tambayar da ta fi damun masana a Jamus da Sin, amsarta tana nan bisa rufin ɗakunanmu. Ƙasa mai rana da zafi da ƙura irin tamu wurin gwaji ce da kuɗi ba ya saye.

Ba yau muka fara ba

Masu ƙananan shekaru na iya ɗauka wannan fage ba namu ba ne. Su tambayi tarihin Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, cikin jiharmu ta Maraɗi. Masanin kimiyyar fiziya ne da ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da rana a Yamai. Ya riƙe jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Tun ƙarshen shekarun 1960 Nijar ta gwada farantin sola wajen kunna talabijin ɗin koyarwa a lakwal, lokacin da ƙasashe da dama ba su san abin ba. Jami'ar Maraɗi da aka kafa a 2010, ita ma sunan masanin kimiyyar sinadarai take ɗauke da shi, Dan Dicko Dankoulodo, ɗan garin.

Amma fa mu faɗi gaskiya: wancan yunƙurin bai zama babbar masana'anta ba. Yau muna da tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023, kuma farantansu daga waje suka zo. Da Najeriya ta katse mana wuta a watan Agustan 2023, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkinmu daga can yake zuwa, kowa ya ga yadda kasuwar sola ta buɗe a Maraɗi. Mai kyau da marar kyau duk suka shigo tare, mai saye kuwa ba shi da abin da zai bambance su sai bakin mai sayarwa.

Abin da za mu iya da wanda ba za mu iya ba

Wasu za su ce, ƙasar da ke fama da ƙarancin cimaka da matsalar tsaro, ina ita ina binciken nanomita? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya. Masana'antar ƙera ƙwaƙwalwar na'ura ta zamani guda ɗaya tana cin wajen dalar Amurka miliyar 20, wato biliyan 20, abin da ya fi kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara uku. Amurka kanta sai da ta ware dala miliyar 52 a 2022 don ta jawo irin waɗannan masana'antu gida. Sin kuma ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan faranti a duniya. Duk wanda ya ce mana za a yi wannan a Maraɗi nan kusa, yaudararmu yake.

Sai dai tsakanin ƙera abu da saye ido rufe akwai fili mai faɗi. Ba a buƙatar miliyar kafin a auna faranti, a gane na gaske da na jabu, a san wane iri ne ya fi jure zafi, ko kwana nawa ƙura ke ɗauka kafin ta cinye kashi goma na wutarsa. Ana buƙatar malami da ya fahimci abin da ke gudana cikin silikon, da ɗalibai, da ƴan na'urorin awo. Binciken shafe-shafen da ke hana ƙura manne wa gilashi shi ma aikin nanomita ne, kuma ya fi mu amfani fiye da mutanen Turai. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Manhajar da ta san dala da jika

Fanni na biyu ya ma fi sauƙin kuɗi, don ƙirar manhaja kwamfuta take so da kai mai aiki. A ɗauki famfon nan. Ƙaramar na'ura da manhaja mai kyau za su iya lura da zafin akwati da yawan ruwan da ke fita, su aika saƙo zuwa salular mai gyara tun kafin abu ya ƙone. Za su iya riƙe lissafin jarka nawa aka sayar, kuɗi nawa suka shiga asusu, ta yadda zargi tsakanin ƴan gari zai ragu. Amma dole a yi ta don ƙaramar salula marar intanet, kuma ta yi magana da baki, don da yawa cikin iyayenmu ba su karanta boko.

Nan ma akwai tarko. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, kuma masana a jami'ar Bayero ta Kano da wasu wurare suna ta tattara rubutun Hausa don koya wa na'ura. Aiki ne mai kyau, sai dai galibin rubutun daga Najeriya yake. Mu nan in mace ta ce ta sayi jarkar ruwa dala biyar, sefa 25 take nufi. Na'urar da ta koyi Hausa daga jaridun Kano za ta ɗauka dalar Amurka biyar ce, kusan jika uku ke nan. In ka ce mata ka ba da jika biyu, wataƙila ta ɗauka ƴaƴan ɗanka ka bayar. Abin dariya ne, har ranar da za a yi kuskuren cikin aiken kuɗi ko adadin magani. Ba wanda zai gyara wannan in ba ɗalibin da ya tashi yana ƙirga kuɗi da dala ba. Haka zancen yake ga Fulatanci da Tamajak da ake yi a kasuwanninmu na kwarin Tarka.

Me muke nema?

Na farko, jami'ar Maraɗi ta kafa filin gwaji a gundumar Dakoro, inda za a jera faranti da batir iri-iri da ake sayarwa a kasuwa, a auna su shekara guda cur, hunturu da bazara da damana, sannan a faɗi sakamakon da Hausa kowa ya ji. Na biyu, ɗaliban lantarki da na kwamfuta da ke shekarar ƙarshe a turo su wajen kwamitocin ruwa da gidajen likita na ƙauye, su ɗauki matsala ta gaske su yi aikin kammala karatu a kanta. Na uku, a yi aiki tare da maƙwabta: jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980, ranarsu da ƙurarsu kuwa irin tamu ce. Na huɗu ya rage ga gwamnati. Shugabannin Afirka sun daɗe da alkawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasa ga bincike, kuma ƙasashe kaɗan ne suka kusanci hakan. Ko ba a kai can ba, duk kwangilar famfon sola ana iya cire ɗan kaso a ba masu awo.

Mu ma da namu aikin. Mai bincike ba ya aiki sai da bayanai, mu kuwa ba mu cika rubutawa ba. Kowane kwamitin ruwa ya sayi littafi na dala arba'in, ya rubuta ranar da aka kafa faranti, sunan kamfanin da ke jiki, ranar da aka goge ƙura, ranar da abu ya lalace da abin da gyaran ya ci. Magajin gari ya riƙa tattara waɗannan littattafai duk shekara. Ranar da malami daga Maraɗi ya sauka a Mai Yara yana tambayar yaushe akwatin nan ya ƙone, a samu abin da za a buɗe masa ya gani.