Gidajen Man NNPC: Faɗaɗawa Da Abin Da Ya Rage

A watan Oktoba na 2022 ne Kamfanin Man Fetur na Ƙasa, wato NNPC, ya ba da sanarwar sayen kamfanin OVH Energy, mai tafiyar da gidajen man da ke ɗauke da sunan Oando. Cinikin ya ƙara masa gidajen mai 380, tare da ma'ajiyoyi da wurin sauke mai daga jiragen ruwa a Ikko. Shugabannin kamfanin suka ce burinsu shi ne gidajen su kai 1,500.

Masu bin tarihi sun san cewa ba yau Gwamnati ta fara mallakar irin waɗannan gidaje ba. A 1976 ta sayi kamfanin Esso, ta sa masa suna Unipetrol. A shekara ta 2000, lokacin da ake sayar da kamfanonin Gwamnati, 'yan kasuwa suka sayi hannun jarinta, kuma a 2003 kamfanin ya koma Oando. Ke nan abin da aka saya aka sayar, shi aka sake saye bayan shekara 22.

Hujjar masu goyon bayan faɗaɗawar a fili take. Tun da NNPC ya fara buɗe manyan gidajen mansa a 2002, jama'a sun sakankance da su wajen cikar mudu da sauƙin farashi, shi ya sa layi ya fi tsawo a bakinsu duk lokacin da mai ya yi wuya. Idan suka yawaita, in ji su, sauran dillalai za su ji nauyin tsawwalawa.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Gidan mai bakin tulu ne kurum, abin da aka zuba shi yake bayarwa. An buɗe matatar Kaduna a 1980 domin ta wadata jihohin Arewa, aka shimfiɗa bututu zuwa ma'ajiyoyin Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri. Matatar ta shafe shekaru ba ta tace mai, ɓarayi kuma sun yi ta fasa bututun. Saboda haka sai tankoki su yi dakon mai daga bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin su iso Kano, balle Barno.

A da, Asusun Daidaita Farashin Mai da aka kafa a 1975 shi ke biyan kuɗin wannan dako domin farashi ya zama ɗaya a ko'ina. Da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, sai bambancin ya bayyana a gidajen NNPC kansu: lita ta koma Naira 488 a Ikko, Naira 537 a Abuja, Naira 557 a Maiduguri. Wanda ya fi nisa da teku shi ya fi ɗaukar nauyi.

Har ila yau, kasuwar ta sake fuska tun da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, ta kuma ƙulla hulɗa da dillalai irin su MRS. An sha ganin farashinsu ya faɗo ƙasa da na NNPC, abin da a da ba a saba gani ba.

Don haka ya kamata hukumomin kamfanin su gane cewa manomin da ke ba gonarsa ruwa da injin, da ɗan kasuwar da ke kai kaya Dawanau, ba yawan gidaje za su duba ba. Abin da ya dame su shi ne a sami mai a kan kari, a farashin da za su iya. Wajibi ne gyaran bututu da farfaɗo da ma'ajiyoyin Arewa su riga buɗe sababbin gidaje.