Masu cewa "daji ba ya son ƙarfe", ku ji tsoron Allah

Jama'a, yau da masu tallan maganin ciwon daji a rediyo da Facebook nake, da kuma mu da muke miƙa musu iyayenmu mata da matanmu.

Mace ta ji ƙululu a mama, sai a ce kar a kai ta asibiti, wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fantsama. Ƙarya ce. Ɗan naman da likita yake tsakura da allura ya kai gwaji ba ya yaɗa cutar. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da hayaƙi su ne suke ba ta damar bin jini ta sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta.

To in ta kai hanta fa? Gaskiya ɗaya ce: wannan mataki na 4 ne, kuma a mafi yawan lokuta ba a warkewa kwata-kwata. Duk wanda ya ce miki yana da jarkar da za ta wanke shi tas cikin sati uku, kuɗinki yake so. Amma "ba a warkewa" daban, "babu abin yi" daban, kuma a nan ne mazaje da yawa suke cin amanar matansu. Ana cewa ya taɓa hanta sai ka ji, "A mayar da ita gida, a bar wa Allah." Haba malam! Mai ciwon suga ma ai ba warkewa yake ba, ka taɓa ganin an hana shi magani?

Abin da ya sauka a hantar har yanzu sankarar mama ce, da maganin sankarar mama ake yaƙarta. Shi ya sa gwajin naman nan ya zama dole. Idan irin wadda sinadarin jikin mace yake ciyarwa ce, ƙwaya ake sha kullum, tamoxifen ko letrozole, kuma akwai matan da suke shekaru a kai suna harkokinsu. Idan mai alamar HER2 ce, akwai trastuzumab, yawanci duk sati uku, sai dai tsadarsa ba wasa ba. Wasu kuma sai kemo. Ciwo ya yi tsanani akwai mofin, ciki ya tara ruwa ana zuƙewa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne jiƙe-jiƙen nan da ba wanda ya san me aka zuba. Hanta ce take tace kusan duk abin da aka sha, har magungunan kemo. Ka ɗauki hantar da ciwo ya riga ya ci, ka yi ta ɗura mata sassaƙe safe da yamma. Ranar da ido ya yi ɗorawa, shawara ta fito, dole likita ya rage magani, wani ma ba zai iya ba da shi ba sam. Sannan a koma gefe ana cewa asibiti sun kasa.

Na san za a ce talauci ne, kuma ban musa ba. Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu ciwon daji a 2021, sankarar mama tana ciki, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na tarayya da ke Gombe suna cikin inda aka fara. Bai wadatar ba, wannan kam a ci gaba da matsa wa gwamnati. Amma kuɗin da aka zuba wa mai jarka wata shida, a lissafa mana, gwaji nawa zai biya?

Su kuma gidajen rediyon da suke karɓar kuɗin tallan nan, wa ya taɓa tambayar mai maganin lambar NAFDAC kafin a buɗe masa makirfo?